Lambar da ta haura layi: yadda ya kamata a karanta hauhawar sinadarin tsoka a jinin wanda ba ya jin ciwo

Gwajin lafiya na gaba ɗaya ya zama al'ada a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwar biranenmu. Wani ofishinsa ke tura shi sau ɗaya a shekara. Wani kuma tafiya ce ta kai shi Alƙahira ko Dubai ko Indiya, ya ce bari ya duba jikinsa tun da ya zo. Akwai kuma wanda likita ya nemi ya yi gwajin kafin ya ɗora shi a kan maganin kitsen jini. Takardar sakamako takan dawo da layuka masu yawa, kowane layi da lambarsa, a gefe kuma an buga iyakar da ake sa ran lafiyayyen mutum zai tsaya a cikinta. Lambar da ta haura wannan iyaka, na'ura takan sa mata tauraro ko ta buga ta da ja.

Ɗaya daga cikin layukan da ke yawan fitowa da ja a takardar baƙar fata shi ne wanda aka rubuta CK, wasu ɗakunan gwaji kuma CPK. Mai takardar lafiyarsa ƙalau, yana cin abincinsa, yana hawa bene ba tare da haki ba, amma ga ja a gaban sunan wani abu da bai taɓa jin labarinsa ba. Daga nan sai hankali ya tashi. Wani ya ajiye maganin da aka rubuta masa, wani ya shiga zagayen asibitoci, wani ya nufi mai maganin gargajiya don a wanke masa jini.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, jan layin CK a jikin wanda ba ya jin komai tambaya ce da ke buƙatar a amsa ta cikin natsuwa, bisa tsari, kuma da ma'aunin da ya dace da jikin wanda aka auna. Iyakar da ke kan takardun mafi yawan ɗakunan gwajinmu ba daga jikinmu aka samo ta ba. Wannan kaɗai ya isa ya mayar da lafiyayyu da yawa marasa lafiya a takarda. Sai dai sanin hakan bai ba kowa lasisin yin watsi da lambar ba, domin a cikin taron lafiyayyun akwai 'yan ƙalilan da wannan lamba ce gargaɗin farko da jikinsu ya yi musu.

Mene ne CK, kuma me ya kawo shi cikin jini?

CK gajarta ce ta sunan wani sinadari da ake kira kiriyatin kainis. Yana zaune ne a cikin ƙwayoyin tsoka, inda yake taimakawa wajen sabunta makamashin da tsoka ke ƙonawa a daƙiƙun farko na aiki mai ƙarfi, kamar lokacin da mutum ya zabura da gudu ko ya ɗaga buhu. Mafi yawansa yana cikin tsokar da muke motsa gaɓoɓi da ita. Akwai wani nau'insa a tsokar zuciya, wani kuma a ƙwaƙwalwa.

Kowace ƙwayar tsoka tana da fatar da ta kewaye ta. Idan tsoka ta wahala, ko ta ji rauni, ko cuta ta kama ta, wannan fata takan yi yoyo, sai CK ya malalo cikin jini. Ko a jikin mai cikakkiyar lafiya akwai ɗan yoyon da ba ya tsayawa, shi ya sa ba a samun wanda lambarsa ta zama sifili. Jiki kuma yana share wanda ya malalo a hankali, kusan rabinsa a cikin kwana ɗaya da rabi. Saboda haka abin da gwajin ke nunawa shi ne yawan yoyon da aka yi a 'yan kwanakin da suka gabata. Ba ya faɗin dalilin yoyon. Mutumin da ya yi wunin huɗa a gona da wanda cutar tsoka ta gado ta fara ci suna iya kawo lamba iri ɗaya.

Abu na biyu da ya kamata mai karatu ya sani shi ne yadda ake samar da iyakar da ke gefen takarda. Ana tara lafiyayyun mutane ne a auna su, a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, a yanke kashi biyu da rabi cikin ɗari daga ƙasa, a yanke kashi biyu da rabi daga sama, abin da ya rage a tsakiya shi ake kira daidai. Ma'ana, tun daga tushe an amince cewa lafiyayye ɗaya cikin ashirin zai faɗa wajen layi. Wanda aka yi wa gwaje-gwaje ashirin mabambanta a zama ɗaya, lissafi ya nuna yiwuwar ɗaya daga cikinsu ya fito da ja ta kai kusan biyu cikin uku, ko da babu abin da ke damunsa. Duk wannan kuwa idan mutanen da aka auna tun farko sun yi kama da shi ne. Idan ba su yi kama da shi ba, kuskuren ya fi haka girma.

Iyakar wa aka buga a takardarka?

Tun farkon shekarun 1980 masu bincike a Amurka suka lura cewa CK na baƙaƙen fata ya fi na fararen fata, na maza kuma ya fi na mata. Binciken da ya fi fito da girman bambancin shi ne wanda Lizzy Brewster da abokan aikinta suka yi a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, aka buga shi a 2007. Sun auna mutum fiye da 1,400 daga cikin jama'ar gari, bayan sun nemi kowa ya huta daga aiki mai ƙarfi na kwana uku. Kamfanin da ya haɗa kayan gwajin ya sa iyakar sama a kan 174 ga maza da 140 ga mata, a ma'aunin yunit cikin kowace litar jini. Da wannan iyaka, kashi 13 cikin 100 na Turawa suka haura layi, kashi 23 na 'yan asalin Kudancin Asiya, sai kuma kashi 49 na baƙaƙen fata. Wato kusan rabin baƙaƙen fatan da ke yawo a gari, suna harkokinsu, takarda ta ce suna da matsala.

Da masu binciken suka fitar wa kowane rukuni iyakarsa daga jikin mutanensa, sai ta Turawa maza ta tsaya a 322, ta matansu a 201. Ta baƙaƙen fata mata ta kai 414, ta maza kuwa 801. A kan wannan ne Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Jijiya ta Turai ta gina shawararta ta 2010, inda ta ce kada a fara zurfafa bincike a kan wanda ba ya jin komai sai lambarsa ta wuce ninki ɗaya da rabi na iyakar rukuninsa. Ga baƙar fata namiji hakan ya kama 1,201, ga mace 621.

A ɗauki wannan a ɗora a kan takardar da ke hannun wani ma'aikacin banki a Kano ko malamin jami'a a Maraɗi. Sakamakonsa 480, iyakar da aka buga a gefe ba ta kai 200 ba. A ido, ya ninka iyaka fiye da sau biyu. A ma'aunin mutanen da suka fi kama da shi, bai ma kusanci layi ba.

Masana sun danganta bambancin da abubuwa da dama, ciki har da yawan tsoka, da nau'in zaren tsokar, da yawan sinadarin a cikin tsokar kanta. Abin da ya shafi mai takarda shi ne wannan bambanci halitta ce. Yana da ɗan'uwa a wani gwajin da likitocinmu suka fi sani: mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna ɗauke da wani sauyi na gado a ƙwayoyin jininsu, wanda ake kira rashin Dafi, mai ba da kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma yana sa adadin wasu fararen ƙwayoyin jini ya yi ƙasa da iyakar Turawa ba tare da wata illa ba. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin alamar cuta kafin a gane cewa ma'aunin ne bai dace ba.

Abubuwan yau da kullum da ke ɗaga lambar

Ko an gyara iyaka, akwai tambayar da ta kamata a yi kafin kowace: me jikin ya yi a makon da aka ɗebi jinin?

Motsa jiki ne kan gaba. Aiki mai ƙarfi, musamman wanda jiki bai saba da shi ba, yana iya ninka CK sau goma ko fiye, kuma lambar takan kai ƙololuwa ne bayan kwana ɗaya zuwa huɗu, lokacin da mutum ya riga ya manta da aikin. Masu tseren dogon zango da sababbin kurata a sansanin horo sukan nuna dubbai. Ma'aikacin ofis da ya je gonarsa ranar Asabar ya kama fartanya, ko ya koma ƙwallon asuba bayan watanni, ko ya fara ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki, sannan ya ba da jini ranar Litinin, ya shirya wa kansa jan layi da hannunsa.

Wani bincike da aka yi a garin Tromso na ƙasar Norwe, aka buga a 2011, ya nuna girman wannan. An auna mutum 12,828, aka samu kusan kashi biyar cikin ɗari sun haura iyaka. Da aka nemi su huta na kwana uku, su guji giya da allura da aiki mai ƙarfi, aka sake aunawa, sai kashi 70 cikin 100 suka dawo daidai. Babu magani, babu hoto, babu tiyata. Hutu kawai da maimaita gwaji.

Allura na cikin abubuwan da aka hana su, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai. Allurar da ake yi a tsoka, a ɗuwawu ko a cinya, rauni ce ƙarama, tana kuma ɗaga CK na 'yan kwanaki. A wurinmu, inda mutane da yawa ke ganin zazzaɓi bai jin magani sai an yi allura, kuma ana iya yin ta a kemis ɗin unguwa sau uku a jere, wannan dalili ne da ya kamata likita ya tambaya kai tsaye, domin marar lafiya ba zai kawo shi da kansa ba. Shi zazzaɓin ma, na cizon sauro ne ko na mura mai tsanani, yana iya taɓa tsoka. Haka nan faɗuwa, da haɗarin babur, da tashin farfaɗiya, da tiyatar da aka yi kwanan nan.

Sai magunguna da abin da ake sha. Giya, da hodar iblis, da yawan shan tiramadol har ya kai ga jijjiga ko dogon kwanciya a wuri ɗaya, duk suna ɗaga lambar. Haka wasu magungunan taɓin hankali, da wani tsohon maganin cutar ƙanjamau mai suna zidovudine, da colchicine da ake ba masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi. Daga cikin cututtukan da ba na tsoka ba, wadda ta fi cancantar a neme ta ita ce raunin tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya da kumburinsa ake kira maƙoƙo. Idan ya rage aiki, CK yakan hau, mutum kuma yana iya ɗaukar kasala da jin sanyi da ƙarin ƙiba a matsayin gajiyar rayuwa. Gwajin jini ɗaya ke gano shi, ƙwaya ɗaya a rana ke gyara shi. Ƙarancin sinadarin fotasiyam a jini, wanda wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ke jawowa, shi ma yana cikin jerin.

Inda kuskuren ya fi tsada: maganin kitsen jini

Idan duk illar jan layin nan ita ce fargabar kwana biyu, da ba sai an rubuta dogon bayani ba. Illar ta fi haka, kuma ta fi bayyana a kan magungunan rage kitsen jini da ake kira sitatin, irin su atorvastatin da rosuvastatin da simvastatin.

Waɗannan magunguna suna rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Babban binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa bayan hawan jini, lalacewar kitsen jini na cikin manyan abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu. Gaskiya ne sitatin na iya cutar da tsoka a jikin wasu 'yan kaɗan, shi ya sa ake duba CK. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 ta ce idan lambar ta wuce ninki huɗu na iyaka kafin a fara maganin, a dakata a sake aunawa. Ga wanda ya riga ya fara kuma ba ya jin ciwo, a ci gaba ana sa ido muddin lambar ba ta kai ninki goma ba. Idan ta wuce ninki goma, a tsayar da maganin a duba ƙoda.

Yanzu a yi lissafi. Ninki huɗu na 174 shi ne 696. Iyakar lafiyayyen baƙar fata namiji a binciken Amsterdam 801 ce. Ke nan ana iya hana mutum mai ciwon suga da hawan jini maganin da zai kare shi daga shanyewar jiki, saboda lambar da a jikinsa ba ta fita daga daidai ba. Wannan shi ne ainihin abin da masu binciken suka yi gargaɗi a kansa.

Wanda kuma ya ga ja ya ajiye maganin da kansa, ya kamata ya san wani abu. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2022, wanda ya haɗa gwaje-gwajen da aka yi a kan mutum fiye da dubu ɗari, ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ciwon tsokar da masu shan sitatin ke kuka da shi ba maganin ne ya jawo shi ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ba ta goyon bayan a riƙa auna CK a kai a kai ga mai shan maganin da ba ya jin komai. Abin da ya fi amfani shi ne a san lambar mutum kafin ya fara, domin in an sake aunawa daga baya a kwatanta shi da kansa.

Tsoka ce, ko hanta?

Akwai wani ruɗani da ke zuwa ta bayan gida. Sinadarai biyu da aka fi sani da gwajin hanta, AST da ALT, suna nan a cikin tsoka ma. Idan tsoka ta yi yoyo, su ma sukan hau. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, duk wanda ya ga waɗannan biyun da ja, hanta zai fara zargi, kuma yana da hujja. Amma idan gwajin ƙwayoyin cutar hanta ya fito babu komai, hoton ciki ya nuna hanta lafiya, sauran alamun hanta irin su GGT da sinadarin shawara suna daidai, to lokaci ya yi da za a auna CK. An sha samun yara maza masu cutar tsoka ta gado da aka daɗe ana bincikar hantarsu, har da tsakuro ta, kafin wani ya tuna da tsoka.

Haka nan wasu kan ji an ce CK yana da alaƙa da zuciya, sai su ɗauka bugun zuciya ne ke tafe. A da can ana amfani da wani nau'insa wajen gano bugun zuciya, amma yau gwajin tiroponin ya maye gurbinsa. Jimillar CK a jikin wanda ba ya ciwon ƙirji kusan kullum labarin tsokar gaɓoɓi take bayarwa.

Lokacin da ruwa bai yi tsami banza ba

Duk abin da ya gabata yana iya sa mai karatu ya ce, ashe babu komai. Nan ne kuskure na biyu yake, kuma likitan da ya saba cewa ai haka jinin baƙar fata yake yana iya faɗawa cikinsa. Idan an huta, an maimaita, an duba magunguna da tayirod, lambar kuma ta ci gaba da zama sama da iyakar da ta dace, akwai abubuwan da bai kamata su wuce ba.

Na farko, cututtukan tsoka na gado. Wadda ta fi shahara ita ce ta Dushen, mai kama kusan ɗa namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. CK na irin wannan yaro yakan ninka iyaka sau goma zuwa ɗari tun yana jariri, shekaru kafin a lura yana yawan faɗuwa, ko yana dafa gwiwoyinsa kafin ya miƙe daga ƙasa, ko sharaɓansa sun yi girma fiye da kima. Galibi uwa ce ke ɗauke da cutar a ɓoye, kuma idan haka ne, kowane ɗa namiji da ta haifa yana da rabin yiwuwar gadonta. Da yawa daga cikin irin waɗannan mata CK ɗinsu a sama yake alhali lafiyarsu lau. Saboda haka budurwa ko matar aure da lambarta ta ƙi sauka tana da dalilin neman gwajin gado, musamman idan a dangin mahaifiyarta an taɓa samun yaro namiji da ya daina tafiya yana ƙarami. Akwai kuma wasu cututtukan tsokar da ba sa bayyana sai an gaji ƙwayar cutar daga uwa da uba duka, waɗanda yiwuwarsu ke ƙaruwa inda auren zumunci ya yawaita. Ɗaya daga cikinsu, cutar Pompe, tana da magani tun 2006, abin da ya sa gano ta da wuri yake da amfani.

Na biyu, haɗarin ɗakin tiyata. Wasu mutane suna da wani lahani na gado a tsoka wanda ba ya nuna kansa sai an shaƙa musu wasu iskokin sa barci, irin su halothane da isoflurane, ko an yi musu allurar sassauta tsoka mai suna suxamethonium. Sai tsoka ta sandare, zafin jiki ya yi tashin gwauron zabo, kuma idan babu maganin dantrolene a kusa, ana iya rasa rai. Hauhawar CK marar dalili na iya zama alamar wannan lahani. Duk wanda lambarsa ta tabbata a sama, ya gaya wa likitan sa barci kafin kowace tiyata, domin akwai wasu hanyoyin sa barci da babu wannan haɗari a cikinsu. Jimla ɗaya ce, amma tana iya zama ita ce duk amfanin gwajin.

Na uku, narkewar tsoka. Idan tsoka ta lalace da yawa a lokaci guda, wani furotin da ke cikinta yakan kwarara zuwa ƙoda ya toshe ta. A nan lambar takan kai dubbai, haɗarin ƙoda kuma yana ƙaruwa daga wajen 5,000 zuwa sama. Alamar da ba a wasa da ita ita ce fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, sau da yawa tare da ciwon tsoka da kasala. Wannan na asibiti ne a ranar, ba a jira mako. Zafin bazara da ƙishirwa suna ƙara haɗarin, abin lura ga masu motsa jiki mai tsanani da azumi a baki. Wani bincike a kan sojojin Amurka baƙaƙen fata kusan 48,000, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa masu rukunin jini AS sun fi sauran fuskantar wannan matsala da kusan rabi, ko da yake bai sami ƙarin mace-mace a cikinsu ba. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, masu horar da sojoji da 'yan sanda da 'yan wasa suna da buƙatar sanin haka.

Bayan an tace duk waɗannan, akan rage da mutanen da lambarsu ke sama ba tare da an gano dalili ba. Likitan jijiya Lewis Rowland na Jami'ar Kolombiya da ke New York ne ya raɗa wa yanayin suna a 1980. Bibiyar da aka yi wa irin waɗannan mutane tsawon shekaru ta nuna mafi yawansu suna ci gaba da rayuwa lafiya.

Ƙorafin da ya cancanci amsa

Mai karatu na iya cewa: ashe ba a Amurka ba ne a 2021 aka cire launin fata daga lissafin aikin ƙoda, bayan an gane yana jinkirta wa baƙaƙen fata samun kulawa? Me ya sa za mu nemi a shigo da shi a gwajin tsoka?

Ƙorafin yana da ƙarfi. Launin fata ma'auni ne mai kauri, ba ya rarrabe abin da ya kamata ya rarrabe. Baƙaƙen fatan binciken Amsterdam akasarinsu 'yan asalin ƙasar Suriname ne da ke Kudancin Amurka, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, mazauna wani birni na Turai. Manomin Gumel da makiyayin Tawa da 'yar kasuwar Zangon Kumasi ba lallai su zo da lamba ɗaya da su ba, ballantana da junansu. Ɗaukar 801 a manna a kowace takarda a ƙasar Hausa aron riga ne, ko da ta fi ta farko kusa da jiki.

Amma amsar wannan ƙorafi ita ce mu auna kanmu. Ƙa'idar da ɗakunan gwaji na duniya ke bi ta ce ana buƙatar lafiyayyu aƙalla 120 a kowane rukuni don kafa sabuwar iyaka. Don a tabbatar ko iyakar da kamfani ya turo ta dace da jama'ar wuri kuwa, mutum 20 sun isa: idan fiye da biyu suka faɗa waje, akwai alamar iyakar ba ta dace ba. Wannan aiki ne da bai fi ƙarfin asibitin koyarwa na Aminu Kano ba, ko na Shika, ko na Sakkwato, ko babban asibitin Yamai, kuma masu ba da gudummawar jini suna nan kullum. Hukumar da ke kula da ɗakunan gwaje-gwajen lafiya a Najeriya tana iya sa shi cikin sharuɗɗan inganci. Kafin a kai ga haka, ƙaramin abin da kowane ɗakin gwaji zai iya yi gobe shi ne ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takarda, mai cewa iyakar CK ta fi haka a jikin 'yan asalin Afirka, kuma aiki mai ƙarfi ko allura suna ɗaga ta.

Tsarin da ya kamata a bi

Wanda takardarsa ta dawo da ja a layin CK, kuma ba ya jin rauni ko ciwon tsoka, fitsarinsa bai sauya launi ba, ya fara da tuna makon da ya gabata: gona, ƙwallo, ɗaukar kaya, allura, zazzaɓi, faɗuwa. Ya kai wa likita duk abin da yake sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari. Kada ya tsayar da maganin da aka rubuta masa kafin su yi magana. Ya huta daga aiki mai ƙarfi na kwana bakwai, kamar yadda shawarar 2010 ta tanada, a sake aunawa, in da hali a ɗakin gwaji ɗaya. Idan lambar ta sauka, magana ta ƙare. Idan ba ta sauka ba, a duba tayirod da ƙoda da sinadaran jini, a kuma karanta lambar da ma'aunin jinsinsa da asalinsa.

Wanda ya kamata a tura wa likitan jijiya shi ne wanda lambarsa ta tabbata sama da ninki uku na iyakar da ta dace, ko wanda bai kai shekara 25 ba, ko wanda tsokarsa ke ɗaurewa ko gajiya da wuri idan ya motsa, ko wanda ake da tarihin cutar tsoka ko mutuwar ba-zata a ɗakin tiyata a danginsa, ko macen da ke shirin haihuwa. A can ne ake maganar gwajin lantarkin tsoka, da gwajin gado, da tsakuro ɗan ƙanƙanin nama don dubawa. Waɗannan gwaje-gwaje suna da tsada, wasunsu sai an aika samfur waje, kuma ko an yi su a kan wanda lambarsa ta ɗan haura kaɗan, sau da yawa ba sa gano komai. Kashe kuɗin iyali a kansu kafin a yi hutun mako ɗaya asara ce.

Yaron da ya makara wajen tafiya ko yake yawan faɗuwa, da babban da hawa bene ko tashi daga tabarma ya fara yi masa wuya, da duk wanda fitsarinsa ya yi duhu, waɗannan sun fita daga batun wannan rubutu, domin jikinsu ya riga ya yi magana. Su nemi likita ba tare da jiran maimaita gwaji ba.